Filin da Na'ura Ta Ce Ba Kowa

A kasuwar Gure, can gefen masu kanwa, akwai wata rumfar kwano da Aisami ya daɗe yana gyaran rediyo a cikinta, har zamani ya juya ya koma gyaran tarho da cajin batir. A wannan rumfa ɗiyarsa Nasira ta girma. Sauran ƴan mata in an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, gida suke nufa, ita kuwa sai ta zo ta zauna kan akwatin katako tana kallon yadda ubanta ke kwance abu ya mayar. Ba ta da surutu. A gida Barbarci suke yi, a kasuwa Hausa, a lakwal Faransanci, kuma a duk ukun ba ta cika faɗin abin da ya wuce buƙata ba.

Uwarta, Ya Hawa, mutuniyar Bune ce, daga gidan masu dabbobi. Duk hutun damina takan tura Nasira wajen ƙanenta, Kawu Modu, ta sha nono ta yi kumari. Kawu Modu da mutanensa sukan hau tudu da zarar ruwa ya sauka, su kafa bukkoki kusa da wani tabki da suke kira Tabkin Aduwa, su zauna har ciyawa ta bushe. Daga nan su gangara kwari inda rijiyoyi da dabino suke. Haka Nasira ta taso ta gani, haka kuma uwarta ta taso ta gani.

Karatu ya karɓe ta. Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a lise na Gure, ta tafi jami'a a Damagaram ta karanta ilmin ordinater, wato kwamfuta, daga nan aka ba ta tallafin ƙaro karatu a Dakar. Tana gab da gamawa ta ga sanarwar wani banki da ke Abijan, yana neman sababbin masu digiri da za su yi aiki a sashensa na na'ura. Mutane da yawa suka nema. Aka yi ta tankaɗe da rairaya, jarrabawa bayan jarrabawa, duk ta intanet, har ya rage ƴan kaɗan da za a yi wa tambayoyi fuska da fuska ta allon ordinater.

A cikin masu tambayar akwai wani mutum mai furfura a gefen kai, wanda ya yi shiru har sauran suka gama. Sai ya duba takardarta, ya juya harshe zuwa Hausa.

"Ke ƴar Gure ce? Gure ta Damagaram?"

"I, Mushe," in ji ta, yadda ake girmama namiji da Faransanci.

"Kina da dangi a daji? Wajen Bune, Gamu, irin wuraren nan?"

Ta ce tana da su. Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu. Sunansa Salihu, mutumin Yamai ne da ya daɗe a Abijan. Bai tambaye ta komai game da aikin na'ura ba. Abin ya ɗan tsaya mata a rai, amma da saƙon ɗauka ya iso murna ta rufe shi.

Ta dawo Gure yin sallama. Aisami ya ce ta yi masa bayanin aikin yadda zai iya maimaita wa mutane.

"Bankin da ake ajiye kuɗi ne?"

"A'a, Baba. Ba ya karɓar ajiyar irinmu. In wani babban kamfani yana son yin aikin da ya fi ƙarfin aljihunsa, wannan banki ne ke nemo masa masu zuba jari, ya ɗauki kasonsa."

"To, dillali ke nan."

"Dillali ne, amma mai kwat."

"Ke kuma fa?"

"Ni zan riƙa rubuta wa na'ura umarnin da za ta bi ta yi musu lissafi da bincike."

Ya Hawa ta ɗinka mata kaya, ta daka mata yaji, ta ƙulla mata kilishi. Sai ga juyin mulki a Yamai, a daminar 2023. Aka rufe iyakoki, jiragen da ke zuwa Abijan suka daina tashi, kuran, wato wutar lantarki, ya zama sai an ga dama. Nasira ta zauna da akwati a ɗaure, tana jiran a ce mata an ba wani gurbinta.

Mushe Salihu ne ya kira.

"Kada ki damu," in ji shi. "Ki fara daga nan. Zamanki a Gure ma ya fi mana amfani yanzu."

Aisami ya kwance pano ɗaya na wutar hasken rana daga rufin rumfarsa ya ɗaura a gida, ya haɗa da batir na mota. Ɗakin ajiyar hatsi aka share mata, saboda a nan rezo na intanet ya fi kamawa. Nan ne ya zama buronta, ofishinta ke nan. Da safe za ta yi wanka, ta sa mayafi mai kyau, ta zauna gaban allo, bayanta buhunan gero da aka lulluɓe da farin zane. Sauran sababbin ma'aikata suna can cikin ɗaki mai sanyi a hawa na sama, tana hango teku ta tagarsu. In akuya ta yi kuka a tsakar gida, sai ta yi sauri ta kashe sautinta.

Bayan makonnin horo aka ba ta aikin farko. Wani kamfani na waje yana son fili mai faɗin gaske a ƙasar Damagaram. Zai dasa itatuwan dakwara, ya kewaye da waya, ya riƙa sayar da ƙaro. Sannan kuma masana'antun ƙasashen Turai za su riƙa biyansa, wai itatuwan suna shanye hayaƙin da suke fitarwa. Masu zuba jari sun yarda, amma da sharaɗi ɗaya: a tabbatar musu filin ba kowa a cikinsa, ba gona, ba gida. Aikin Nasira shi ne ta koya wa na'ura duba hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauka shekara da shekaru, ta ware inda ba alamar mutum.

Hotunan suna da yawa, wasu kuma gajimare ya rufe su, ba a ganin ƙasa. Umarnin da aka ba ta ya ce a zubar da irin waɗannan. Ta zubar. Aikin ya yi kyau, ya yi sauri, har aka ambaci sunanta a taron sashe. Na'ura ta shafa launin kore a taswira, a kan wani yanki mai faɗi kudu da Gure, ta rubuta cewa babu mazauna.

Wata ranar Laraba da hantsi, tana gyara gefen taswirar, ta ƙara girman hoton. Ta ga wani farin tabo mai siffar ƙoda, da layin itatuwa a gabashinsa. Ta daɗe tana kallo. Ta san wannan lanƙwasa. A nan ta koyi tatsa, a nan ƙaya ta taɓa shiga ƙafarta har Kawu Modu ya ɗauke ta a kafaɗa. Tabkin Aduwa ne, a bushe, yana tsakiyar kore.

Ta koma ta duba ranakun hotunan da suka rage. Duk na rani ne da bazara. Gajimare da damina yake zuwa, mutanen kuma da damina suke hawa tudu. Da ta zubar da gajimare, har da su ta zubar.

Ba ta gaya wa kowa a gida ba. Ya Hawa ta kawo mata fura, ta tarar da ita zaune hannu a haɓa.

"Lafiya, ƴar nan?"

"Rezo ne, Ya."

Kafin ta yanke shawarar yadda za ta faɗa, Mushe Salihu ya riga ta kira. Ya ce masu jari suna son hotunan ƙasa, wanda mutum ya taka da ƙafarsa ya ɗauka. Mutanen kamfani ba sa iya shigowa yanzu. Ita kuwa tana nan, tana da dangi, tana jin yaren.

"Kin ga amfanin ƴar gida," in ji shi. "Wurare kaɗan ne. Ki tsaya, ki ɗauka, tarho zai rubuta inda kike. Ba sai kin yi wa kowa dogon bayani ba."

Ta shiga motar kasuwa zuwa Bune, Kawu Modu ya tarye ta da amalanke. Kaka ta wuce, mutane sun fara gangarawa kwari, amma tudun bai gama mantawa da su ba. Ga tokar murhu, ga turakun maruƙa, ga kashin shanu ya bushe ya yi fari. Ruwan tabkin ya janye ya bar laka mai tsagewa da sawun kofato. Ta yi ta ɗauka. Kawu Modu yana biye da ita da sanda a kafaɗa, har suka iso wani wuri bayan itatuwan aduwa. Sai ya tsaya ya nuna da baki.

Wani guntun ƙarfe ne aka kafa cikin siminti, an shafa wa kansa jan fenti.

"Kafin damina suka zo," in ji shi. "Farar mota. Ba su yi sallama ba, ba su sha ruwanmu ba. Akwai wani can gabas, akwai wani wajen makabarta. Bijimina ya yi susa da wannan, har ya yanke shi." Ya juyo ya dube ta. "Nasira, su wa suka aiko ki?"

"Wurin aikina, Kawu."

"Su ne masu ƙarfen?"

"Ba su ba ne. Amma sun san su."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da tafiya.

Labari ya riga su isa kwari. Bulama, mai garin wurin, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo dabino da nono. Shi a fahimtarsa proje ne ya zo, irin wanda ake ba mutane abinci su dasa itace su tare rairayi. Ya ce Allah ya yi wa ɗiyar Hawa albarka, da ta samu wuri ba ta manta da tushenta ba. Ya ce in ana ɗaukar ma'aikata kada a tsallake su.

Nasira ta ajiye ƙwaryar nonon. Ta ce, da Barbarci, a hankali, ba irin wannan proje ba ne. Ta ce za a dasa itace, amma za a kewaye da waya, kuma dabba ba za ta shiga ba.

"Har tabkin?" in ji Bulama.

"Har tabkin."

"Na shekara nawa?"

"Yaron da aka haifa bana zai yi jika kafin a buɗe."

Wani tsoho ya yi ƴar dariya, kamar an faɗi abin da ba zai yiwu ba, ya duba fuskokin mutane, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye dariyarsa. Ba wanda ya ɗaga mata murya. Da za ta tafi ma sai da suka cika mata jaka da dabino, abin da ya fi zagi yi mata nauyi.

Da ta dawo Gure ta zauna ta sake aikin daga tushe. Ta dawo da hotunan damina, ta koya wa na'ura leƙawa ta tsakanin gajimare, ta gane bukka, ta gane garke, ta gane hanyar da kofato ya daka. Ta haɗa da hotunan da ta ɗauko, har da na makabarta. Ta tura wa Mushe Salihu, ta zauna tana jiran kora.

Da ya kira, fuskarsa a sake take.

"Nasira, kin fitar da mu kunya. Da wannan ya fito bayan an sa hannu, da ƴan jarida sun cinye mu ɗanye. Na gaya wa manya sunanki."

"To za a fasa, Mushe?"

"A fasa?" Ya cire tabarau ya goge. "Ƙanwata, an riga an tara kuɗin mutane. Kamfani faɗin fili yake so, bai damu da ko wane ne ba. Za mu matsar da layin. Ki duba mana arewa, wajen Alakos. Can ai ba gonaki."

"Can ma akwai masu kiwo."

"In akwai, na'urarki za ta nuna. Ba ke kika gyara ta ba?"

Ta duba arewa. Can ruwa bai cika sauka ba, mutanen kuma ba sa daɗewa wuri ɗaya. Tantinsu na tabarma ne, launinsa ɗaya da ƙasa, raƙuma kuma ba sa taruwa kamar shanu. Na'urar ta ga ɗigo nan, ɗigo can, ta kasa cewa mutane ne ko duwatsu. Ta shafa kore. Nasira ta rubuta a ƙasan rahoton cewa ba ta amince da sakamakon ba, sai an je an gani. Ta roƙi a bar ta ta je. Mushe Salihu ya ce hanyar ba ta da tabbas, banki ba zai ɗauki alhakin ranta ba, kuma lokaci ya ƙure.

Ran kasuwa ta bar ordinater ta shiga layin masu cuku, tana tambayar wanda ya fito daga arewa. Aka nuna mata wata mata mai suna Yabawa, doguwa, baƙin mayafi ya rina mata goshi. Nasira ta sayi cuku, ta tsuguna, ta kwatanta mata wurin: tudu biyu masu kama da juna, da busasshen kwari tsakaninsu.

"Na san shi," in ji Yabawa. "Can muke yin watan da raƙuma ke haihuwa. Akwai rijiya a bakin kwarin, kakan mijina ya haƙa. Me ya faru? Ke malamar rigakafi ce?"

"A'a, Inna. Tambaya kawai nake."

"Yo ai ba a tambayar wuri haka kawai." Matar ta kafe ta da ido, sannan ta ja tabarmar cukunta kusa da jikinta.

Nasira ta rubuta abin da ta ji ta tura. Amsar ta zo a gajarce: maganar kasuwa ba hujja ba ce, ba hoto, ba alamar wuri. Da rahoton ƙarshe ya fito, ta nemi gargaɗin da ta rubuta. Yana nan, ba a goge ba. An mayar da shi can ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, bayan shafukan da ba mai karantawa. Sunanta kuwa yana shafin farko, an rubuta cewa ƙwararriya ƴar asalin yankin ce ta tantance.

A Bune aka zo aka tone ƙarafan. Kawu Modu ya aiko da rago da tulun man shanu. Mutane suka riƙa tsayawa a rumfar Aisami suna sa albarka, ana cewa ɗiyarsa ta kori Turawa da ordinater daga cikin ɗakin gero. Ya Hawa ta yi ta rabon nama tana share hawaye. Nasira ta ci kaɗan ta ce cikinta ne.

Da yamma, bayan la'asar, ta sami ubanta shi kaɗai yana lanƙaya dalma a wani tarho. Ta zauna kan tsohon akwatin, ta gaya masa duka, har da Yabawa.

Ya ƙarasa aikin da ke hannunsa.

"Ni dai abin da aka kawo mini nake gyarawa," in ji shi. "Ban taɓa tambayar abin da za a faɗa a cikinsa ba." Ya hura allon tarhon, ya ajiye. "Amma ni ba a taɓa sa sunana a kan maganar ba."

"In bari, Baba?"

"In kin bari, za su fasa?"

"A'a. Wani za su sa. Wanda ba zai ma duba damina ba."

"In kin zauna fa?"

Ta tashi ta nufi gida, shi kuma ya jawo wani tarhon.

Da aka buɗe hanya ta tafi. Ya Hawa ta sake daka wani yajin, don na farko ya sha iska. A Abijan aka ba Nasira tebur kusa da taga, aka tabbatar da ita a aiki tun kafin sauran. Abin da ta ƙera ya zama abin alfaharin sashen, ana nuna wa baƙi. Yanzu da shi ake duba filaye a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, inda ba ta da kawu, ba ta jin yaren kowa. Duk rahoto tana rubuta cewa sai an je an gani, duk rahoto kuma ana kai maganar shafin ƙarshe. Tana turo wa gida abin da ya samu. An sake rufin ɗakin Ya Hawa, ƙannenta biyu suna lise. In ta kira ran Juma'a, takan tambayi lafiyar kowa, da ruwa, da farashin gero. Ba ta tambayar arewa.

A bazarar da ta biyo, wata rana da azahar, manyan motocin kamyo guda uku suka tsaya a bakin kasuwar Gure. An lulluɓe kayansu da tampol, amma iska ta ɗaga gefe ɗaya, mutane suka ga naɗin waya mai ƙaya, sabuwa fil, tana ƙyalli, an jera ta har sama. Direban gaba ya sauko yana miƙa, ya zo rumfar Aisami ya ba da tarhonsa a sa masa caji. Baƙo ne, Hausarsa ta yamma ce. Ya sha shayi, ya yi salla, ya dawo.

"Baba, wace hanya ce ke zuwa Alakos? An ce in na bar kwalta sai in yi hankali."

Aisami ya dubi motocin, ya dubi mutumin. Yaro ne ƙarami, idonsa ja saboda rashin barci, da hoton jaririya a bayan tarhonsa.

"Me za a yi da wannan waya haka?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Ni dai an ce in kai."

Aisami ya cire tarhon daga caji ya miƙa masa. Masu kanwa suna saurare. Ya fito bakin rumfa, ya ɗaga hannu ya nuna arewa, ya ce a bi sawun motocin kasuwa, kada a yarda da hanyar da ta fi kyau a ido, rairayi ne a ƙarƙashinta. Direban ya yi godiya, ya ce nawa ne kuɗin caji. Aisami ya ce ya bar shi.

Motocin suka tashi ɗaya bayan ɗaya, a hankali saboda nauyi. Aisami ya tsaya har ƙararsu ta ɓace, sannan ya ja ƙofar rumfa ya rufe, ko da yake rana ba ta yi sanyi ba kuma akwai masu jiran tarhonsu.